Akwatin gwajin fotosintesis da na saya wa ƙanwata: allon maganaɗisun ya burge ni, littafin ciki kuma akwai gyara

Wata biyu ke nan da akwatin nan ya iso hannuna, kuma da gangan na ƙi yin rubutu a kansa sai da muka gama duk gwaje-gwajen ciki, wasu ma sau biyu sau uku, don kar in yabi abin da ban gwada ba ko in kushe abin da laifin namu ne. Akwatin koyon kimiyya ne na 'yan sakandare, wanda aka haɗa musamman a kan yadda abubuwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta, wato sel, lokacin da tsiro yake haɗa abincinsa da hasken rana, wato fotosintesis. Ta intanet na yi odarsa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba saboda ina da ƙorafi a kansu, amma duk wanda ya nemi irinsa zai gane shi da kayan ciki.

Dalilin sayen kuwa ƙanwata ce. Yarinya ce mai hadda, ta iya zayyano maka lissafin nan na kabon dayoksaid 6 da ruwa 6 su ba da sukari 1 da oksijin 6 ko cikin barci aka tashe ta, amma wata rana ta zo ta same ni da littafinta ta ce, "Yaya, ni fa abin da ban gane ba, ta ina iskar take shiga? An ce sel a rufe yake ruf da tantani, to wa yake buɗe mata?" Wallahi tambayar ta tsaya min a rai, domin tambaya ce ta mai son ganewa, kuma zanen da ke littafinsu kibiya ce kawai aka ja daga sama ta shige ganye, shi ke nan.

Da aka buɗe kwalin ga abin da muka tarar: allon ƙarfe mai faɗi da zanen tantani a jiki, jaka cike da ƙananan maganaɗisu kala-kala, wata siririyar leda mai kamar hanji wadda ake ɗaurewa a yi ƙaramar jaka da ita, kwalbar aidin, garin sitaci, garin baikabonet, sirinji biyu marasa allura, abin huda ganye, ƙaramin maikiroskof na roba, man farce mara launi da salatif, sai littafin bayani. Komai ya iso lafiya ban da kwalbar aidin ɗin da murfinta bai ɗauru sosai ba, ta ɗan yi yoyo ta ɓata gefen littafin. Wannan ƙaramin abu ne, na wuce shi.

Gwajin farko shi ne na ledar nan. A zuba ruwan sitaci a ciki a ɗaure baki biyu, a wanke bayanta tas, a tsoma cikin kofin ruwan da aka ɗiga wa aidin. Muka zauna muna kallo. Kafin minti 20 cikin jakar ya fara duhu daga gefe-gefe, can sai ga shi ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, ruwan waje kuwa yana nan da launinsa na ruwan ɗorawa bai canza ba ko kaɗan. Da yake aidin in ya haɗu da sitaci shuɗi yake komawa, ma'ana aidin ya shiga, sitaci bai fito ba. Ƙanwata ta ɗaga jakar tana jujjuya ta a haske tana neman huda, babu. Nan take ta kama maganar bazuwa, wato abu ya tashi daga inda ya yi cunkoso ya tafi inda babu shi sosai ba tare da an kashe wani ƙarfi ba, ta kuma kama maganar cewa tantani yana barin wani ya wuce ya tare wani. Gwajin yana aiki kuma yana da kyan kallo, na ba su wannan.

Amma fa a nan ne matsalata ta farko take, kuma babba ce a wurina. Ledar nan rariya ce kawai, girma take dubawa: ƙarami ya wuce, babba ya tsaya. Littafin kuma ya rubuta ƙarara cewa haka tantanin sel yake aiki, bai ƙara komai ba. To ba haka ba ne. Tantanin gaske layi biyu ne na kitse, kawunansu masu son ruwa suna waje, jelolinsu masu gudun ruwa sun haɗu a tsakiya, da furotin iri-iri a dasa a ciki suna yawo, kamar yadda Singer da Nicolson suka siffanta a 1972. Kaurinsa duka bai kai nanomita 10 ba. Abin da wannan tsakiyar mai maiƙo ta fi ƙi shi ne abu mai caji. Shi ya sa kabon dayoksaid da oksijin, da yake ba su da caji, suke sulalewa ta cikin kitsen cikin sauƙi, alhali H+, wato ƙwayar haidurojin mai caji, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, bai isa ya wuce haka kawai ba sai ta ƙofar da aka tanadar masa. Yaron da ya tashi daga gwajin leda da tunanin cewa girma ne komai, in ya zo kan tailakoyid, wato ƙananan jakunkunan tantani da ke kama haske a cikin ganye, zai rikice, don kuwa duk sirrin yadda tsiro yake samun ATP, sinadarin da sel ke kashewa don samun ƙarfin aiki, yana rataye ne a kan cewa ɗan ƙaramin H+ ɗin nan an tare shi ya kasa fita. Sai da na zauna na warware mata wannan da bakina, kuma da layi biyu kacal suka ƙara a littafin da sun hutar da ni.

Gwajin ƙofofin ganye shi ne ya amsa ainihin tambayarta. Ana shafa man farce a bayan ganye, a bari ya bushe, a manna salatif a ɗaye a hankali, sai hoton fatar ganyen ya biyo, a ɗora a gilashi a duba. Maikiroskof ɗin da suka sako gaskiya ba shi da ƙarfi, ruwan tabarau ɗinsa na roba ne kuma abin daidaita gani yana zamewa, ka saita ka ɗauke hannu ya goce. Mun sha fama kafin mu ga komai. Da muka aro na gaske mai gilashi sai ga su fes, ƙananan bakuna birjik, kowanne da sel biyu masu siffar ƙoda sun rungume shi. Su ake kira sitomata. Ta yi shiru ta daɗe ido a manne sannan ta ce, "Yaya, ashe da gaske ƙofa ce."

Bayanin da littafin ya yi a kan buɗewar ƙofofin nan yana daga cikin shafukan da suka yi kyau. Idan haske ya sauka, musamman shuɗin ɓangarensa, famfunan da ke tantanin sel masu gadin ƙofa sai su kama aiki, su riƙa cin ATP suna tura H+ waje. Hakan sai ya sa cikin sel ɗin ya ƙara zama mai cajin negatif, sai fotasiyam ya kwararo ciki ta nasa hanyoyin, ruwa kuma ya biyo shi ta osmosis, wato ratsawar ruwa ta tantani zuwa gefen da abin da ya narke ya fi yawa, sel biyun su kumbura su lanƙwashe, baki ya buɗe. Ka ga a wuri ɗaya an haɗa maka turawa da ƙarfi, da wucewa ta ƙofar furotin, da osmosis. In ƙasa ta bushe tsiron ya ji ƙishi, sai sinadarin ABA ya ba da umarni fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi, ƙofa ta rufe. Abin tausayin shi ne ta ƙofar da kabon dayoksaid yake shiga ta nan tururin ruwa yake gudu, don haka kullum tsiro cikin lissafi yake, in ya buɗe ya yi asarar ruwa, in ya rufe ya rasa iskar aiki. Kuma iskar ma kaɗan ce, kusan kashi 0.04 cikin 100 na iskar da muke shaƙa.

Daga ƙofar, tafiyar kabon dayoksaid ba ta ƙare ba, kuma akwai wani zane mai ninki a tsakiyar littafin da ya bi ta mataki-mataki wanda na ji daɗinsa sosai. Ya ratsa guraben iska da ke cikin ganye, ya narke a danshin da ke bangon sel, ya ƙetare tantanin sel, ya ratsa ruwan cikin sel, ya ƙetare tantani biyu na kulorofilas, ɗan koren ɗakin da ake fotosintesis a ciki, sannan ya iso sitiroma, wato ruwan cikin kulorofilas ɗin, inda inzayim ɗin Rubisko mai kama shi yake jiransa. Tantani uku ke nan, kuma ba wanda ya tura shi, bazuwa ce zalla. Abin da ya sa ba ta tsayawa shi ne Rubisko yana ta kwashe shi a can ciki, don haka kullum ciki a rage yake, waje ya fi yawa. Oksijin kuma ya bi hanyar nan ta baya ya fita saboda shi a ciki ya taru.

Gwajin faifan ganye da sirinji shi ne wanda ya fi ba mu nishaɗi. A huda ganye mai laushi a fitar da ƙananan faifai kamar guda 10, a zuba a sirinji da ruwan baikabonet da ɗigon sabulun ruwa, a toshe bakin da yatsa a ja a saki, a ja a saki, har iskar da ke cikin ganyen ta fice ruwa ya maye gurbinta su nutse. Karon farko mun ja da ƙarfi fiye da kima har faifan suka yi laushi suka mutu, ko ɗaya bai taso ba, kuma littafin bai gargaɗe mu ba. Karo na biyu muka bi a hankali. Muka juye su a kofi ƙarƙashin fitila, bayan 'yan mintuna sai ga ƙananan kumfa a gefunansu, ɗaya ya miƙe tsaye a gindin kofin ya ɗan yi rawa ya taso sama, sai na biyu, sai suka riƙa bin juna. Kofin da muka kife wa kwali suna nan kwance a ƙasa. Na ruwa zalla babu baikabonet ma kusan haka, don baikabonet ɗin ne yake ba su kabon dayoksaid. Oksijin ne ya fito daga kulorofilas ya ratsa tantanin nan duka ya cika guraben ganyen ya ɗago shi. Ka ga abin da ake faɗa a aji ya zama abin da ido ya gani.

To yanzu allon maganaɗisu, wanda shi ne dalilin da zai sa in ce wa mutum ya sayi akwatin nan ko da sauran kayan babu. An zana tantanin tailakoyid a kwance ya raba allon biyu, sama sitiroma, ƙasa cikin jakar tailakoyid ɗin. Akwai manyan guntaye da za ka jera a cikin tantanin da hannunka: fotosistem na 2, filastokwinon, saitokurom b6f, filastosayanin, fotosistem na 1, da ATP sintes wanda aka yi masa kai mai juyawa da gaske. Sai jajayen ƙwayoyi na H+ da rawaya na ilektiron. Dabarar da suka yi wadda ta burge ni ita ce layin tantanin tudu ne, ɗan gini ne da ya taso a kan allon, jar ƙwaya ba ta turuwa ta haye shi sai ta ramin da ke jikin guntayen. Wato hannunka da kansa yake koyon cewa H+ ba ya ratsa kitse. Abin da ledar ta ɓata allon ya gyara.

Ga yadda wasan yake. Haske ya bugi fotosistem na 2, ilektiron ya tashi, sai a fasa ruwa a cike gurbinsa. Ruwa 2 suna ba da oksijin 1, ilektiron 4, da H+ guda 4, kuma H+ ɗin nan a cikin jakar ake zubar da su. Wannan oksijin daga ruwa yake fitowa, ba daga kabon dayoksaid ba, Ruben da Kamen sun nuna haka tun 1941 da oksijin mai nauyi. Filastokwinon ya karɓi ilektiron ya ɗebi H+ daga sitiroma ya kai wa saitokurom b6f, a sake juye su cikin jaka. Can ƙarshen layi bayan fotosistem na 1 ana haɗa NADPH, sinadarin da ke ɗaukar ilektiron ɗin zuwa wurin haɗa sukari, a gefen sitiroma, wanda shi ma yana cinye H+ a can. Kana cikin wasan za ka ga ƙasan allon ya cika da jajaye maƙil, sama ya yi fayau. A ganye na gaske pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka in H+ ya yi yawa, na sitiroma yana kaiwa wajen 8 cikin haske, na cikin jaka ya sauka wajen 5 zuwa 6, kuma kowane mataki ɗaya na pH ninki 10 ne, to ka lissafa cunkoson. Hanyar fita ɗaya ce babba, ATP sintes. Kana tura jar ƙwaya ta ciki kan yana juyawa, in ya cika zagaye ya ba ka ATP 3. Kamar dam ne da aka tare ruwa aka bar masa mafita ɗaya ta kan injin.

Ƙanwata ta yi wasan nan ya fi sau 10, har ta fara yi min tambayoyin da ba sa cikin littafin. Ta ce to in aka huda jakar fa? Na ce gwada. Ta cire guntu ɗaya ta bar giɓi, jajayen suka watse sama ba tare da sun bi ta injin ba, ta ce ai ke nan ba ATP ko da hasken yana nan. Daidai. Wannan shi ne tunanin Peter Mitchell na 1961 wanda mutane da yawa suka ƙi yarda da shi da farko, daga baya aka ba shi kyautar Nobel a 1978. Na ba ta labarin gwajin André Jagendorf na 1966 wanda ni a wurina yana cikin gwaje-gwaje mafi daɗin ji a kimiyyar tsirrai: ya jiƙa tailakoyid a ruwa mai tsami na pH 4 har cikinsu ya yi tsami, ya kwashe su ya zuba a na pH 8, a cikin duhu, sai ga ATP ya samu. Babu haske sam. Bambancin H+ tsakanin ciki da waje kaɗai ya wadatar. Na yi mamakin yadda littafin bai kawo wannan ba alhali allon kamar don shi aka yi, ka zuba jajaye a ƙasa da hannu ka kashe fitila ka juya injin, an gama.

Kuskure na biyu a littafin ya fi na farko ciwo. A shafin da ke bayanin tara H+ cikin jaka sun rubuta cewa da ƙarfin ATP ake tura su. A'a. Ƙarfin ilektiron ɗin da haske ya zaburar ne yake wannan aikin, ATP kuwa shi ne ribar da ake nema a ƙarshe. In da ATP ake kashewa a tara su don a samu ATP ai an yi aikin banza ke nan. Ina jin sun cakuɗa shi da famfon sel masu gadin ƙofa ne, wanda shi kam da gaske ATP yake ci. Na tura musu saƙo da hoton shafin, suka amsa bayan kwana huɗu cikin ladabi, suka yarda kuskure ne suka ce za su gyara a bugu na gaba. Na ji daɗin amsar, amma kwalayen da suka riga suka shiga hannun yara fa? Ni dai na sa biro na soke layin na rubuta daidai a gefe.

Sai abin da suka bari gaba ɗaya, wato fitar kaya. Allon ya tsaya a kan ATP da NADPH, littafin ya ɗan taɓa zagayen Calvin, matakan haɗa sukari a sitiroma, cewa kabon dayoksaid 3 suna cin ATP 9 da NADPH 6 a fitar da sukari mai kabon 3 guda ɗaya, daga nan shiru. To sukarin ta ina yake fita? A tantanin ciki na kulorofilas akwai wani furotin mai musaya, ya fitar da sukari mai kabon 3 ɗin guda ɗaya ya shigo da fosfet guda ɗaya, ba bashi, kuma fosfet ɗin ne ake sake haɗa ATP da shi. A wajen kulorofilas ake haɗa sukuros, sannan a tsirrai da yawa a loda shi cikin jijiyar fulowem mai rarraba abinci a jikin tsiro tare da H+ da ke komawa ciki, ruwa ya biyo ta osmosis, matsi ya tura shi zuwa saiwa da 'ya'ya. Abin da bai samu fita da rana ba a tara shi sitaci a cikin kulorofilas, da dare a farfasa a fitar. Shigar ruwa ta saiwa ma layi uku suka ba ta, ko ambaton akwaforin ba su yi ba, ƙofofin ruwan nan da Peter Agre ya samu Nobel a kansu a 2003. Mun yanka kwali mun yi namu guntun na mai musayar fosfet mun manna masa maganaɗisu a baya, ya yi aiki, amma kamata ya yi a ce yana cikin jaka tun daga kamfani.

Wa zan ce ya saya? Malamin bayoloji da ke da aji, ko wanda yake da ƙani ko ɗa a sakandare kuma zai zauna da shi. Ban ba da shawarar a miƙa wa yaro shi kaɗai da littafin nan ba, saboda kurakurai biyun da na faɗa a daidai gaɓar da ta fi muhimmanci suke. A kula da maganaɗisun in akwai ƙananan yara a gida, ƙanana ne sosai kuma haɗiye su haɗari ne babba, mu a kwalba mai murfi muke ajiye su a sama. A nemi maikiroskof na gaske tun kafin ranar gwajin ganye. Ledar tana ƙarewa da wuri, gwaji huɗu muka yi ta ƙare, aidin da baikabonet kuwa har yanzu da saura. In taurari biyar ne, allon ya cinye biyar ɗinsa, sirinji da faifan ganye huɗu, maikiroskof biyu, littafin uku, kuma da sun gyara shafukan nan biyu zan ƙara masa ɗaya. Allon yanzu yana jingine a ɗakinta, jiya ma na wuce na ji tana yi wa ƙawarta bayanin dalilin da ya sa jar ƙwaya ba ta haye tudun.